Kabaren da Haruna Ya Aiko

Tun da na dawo ban sha jabana, wato gahawarmu, cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a rumfar kasuwar dawa sai wani ya jawo kujerarsa kusa, ya ce, "Idi, yaya bakin bahar? Da gaske ne ruwan ba ya shawuwa?" Wani ya tambayi matan can, wani ya tambayi kifi. Duk sun san abin da ya kai ni, amma ba mai taɓo wannan, ni ma ba na tayar da shi. To, na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina tsallake tsakiyarsa. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da autanta Haruna. A kambon Gadambaliya, sansanin 'yan ƙwadagon gona, muka tashi. Mahaifinmu yana da 'yar gonarsa kafin taraktoci su zo su share dajin ya zama mashru, wato babbar gonar masu injina, daga nan muka koma masu yi wa wani noma. Ni na kama aikin bin zarzur, wato jan-baki, tsuntsun nan da garkensa ɗaya kan sauka a gonar dawa da hantsi ya tashi da azahar ya bar kara. Aikina in gano inda suke kwana, in nuna wa masu jirgin feshi. Yadda muke yi, sai mu kama ɗaya da rai, mu ɗaura masa farin zare a ƙafa, mu sake shi da la'asar sakaliya. Tsuntsu ba ya ɓata hanyar makwancinsa, sai ka dubi inda ya miƙa ka bi. Da wannan aikin na yi aure, da shi na yi furfura, kuma ban taɓa jin kunya a kansa ba.

Haruna kuwa yankan riɗi da dawa yake yi, daga Gadambaliya zuwa Fashaga, daga Fashaga ya dawo. Maganarsa ɗaya ce kullum, gonar kansa, ko da faɗin tabarma ce. Shekarar da ruwa ya ƙi sai ya ce zai leƙa gabas ya nemo, ya bar matarsa Hawwa da goyo. Yarinyar da ya bari a bayan uwarta yanzu ita ke ɗebo mana ruwa. Ba labari, ba wanda ya ce ya gan shi.

Ana nan wata rana wani direban lori ya yi sallama a gidanmu na Gadarif da keji a hannu. Ya ce, "Saƙo ne, a kai wa Inna, ɗanta ne ya aiko." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Idon Inna ya riga ya yi rauni, amma da ta shafa kejin sai ta zauna daɓas a ƙasa. Da kaba aka saƙa shi, kuma ƙullin bakin ƙofar irin na Haruna ne, wanda yakan juya sau biyu ya cusa wutsiyar ciki. Ni ma na gane shi.

A cikin kejin akwai ɗan tsuntsu, kabare ne ba shakka, bakinsa da ƙafarsa da yadda yake yagar kaba yana ƙoƙarin saƙa duk na kabare ne. Amma ba irin namu ba. Namu fuskarsa baƙa ce, kuma da damina ta wuce yakan tuɓe rawayarsa ya koma toka-toka kamar matarsa. Wannan rawaya ne zalla daga wuya har wutsiya, kansa kamar ɓawon lemo nunanne, ido baƙi ƙirin, ba ɗigon baƙi a fuska. Na ce a jira rani, zai tona kansa. Rani ya zo ya wuce, damina ta sake zagayowa, tsuntsu bai canza riga ba. Ni da na kashe tsuntsayen da Allah kaɗai ya san yawansu, aka tambaye ni sunan wannan ɗaya, na kasa.

Inna ta mai da shi ɗa. Kafin ta karya sai ta zuba masa gero, ta sa jikarta ta kamo masa fara, ta zauna tana ba shi labarin unguwa. In ya yi kuka sai ta ce, "Kun ji, yana nan lafiya." Shi kuwa mahaifin Hawwa haƙurinsa ya ƙare, kuma ban ga laifinsa ba. Ya zo ya same ni ya ce 'yarsa ba matar tsuntsu ba ce, in an san inda miji yake a kira shi, in ba a sani ba a bar ta ta je gaban alƙali a raba auren. Inna ta ce ba da ranta ba. Hawwa kuwa sai ramewa take yi. Da aka gama girbi na ce zan bi sawun saƙon daga hannu zuwa hannu har in kai ga hannun farko, amma sai an ba ni tsuntsun, don shi ne shaidata. Inna ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ranar tafiya ta miƙo kejin da hannunta, ta ce, "Ka dawo mini da shi, ko ka dawo mini da mai shi."

Lorin riɗi na hau zuwa Shuwak, inda direban nan yake lodi, a saman buhu, keji a cinya. Ba mu bar Gadarif ba aka fara. Wani ɗan jungu, cikin masu yawon ƙwadagon girbi, ya leƙo ya ce, "Ya jama'a, ku zo ku ga mutumin Gadarif yana yi wa zarzur reno! Ya zol, amaryarka ce?" Na ce kabare ne. Ya ce, "Kullu wahid, duk ɓarayin dawa ne." Aka yi ta dariya har gadar kogi. Na bar su, don da wani na gani ɗauke da shi, da ni ne zan fara.

A Shuwak na sami direban a rumfar ful, dafaffen waken nan, yana dangwala burodi cikin man riɗi. Ya gane kejin kafin ya gane ni. Ya ce shi daga hannun Hajja Zara ya karɓa, mai sayar da shayi a Tasanai, bayan an tsallaka iyakar Eritriya. Na ce ba ta ƙara masa wata magana ba? Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi ta faɗi wani abu, amma ranar injin yana tafasa, hankalina yana can. Malesh, ka yi haƙuri." Haka saƙon baki yake a hanyarmu. Tun zamanin da kakanninmu ke zuwa Makka a ƙasa, ba Bahaushen da zai ƙi karɓar saƙon ɗan'uwa, amma kowane hannu ya ratsa sai ya zubar da kaɗan. Na yi wa kaina albishir cewa in na bi shi da baya zan tsince abin da ya zube.

A Kasala na sauka a wata lakonda, masaukin baƙi, kusa da tasha, inda ake ba ka angarib a tsakar gida da kuɗin cizonsa duka. Mai wurin ya ce ba a shiga da dabba. Na ce tsuntsu ne. Ya ce yana da rai ko ba shi da rai? Muka daidaita a kan in rataye kejin a reshen bishiyar tsakar gida, kuma in ya yi kuka da asuba laifina ne. Da asuba ya yi kukansa, ba wanda ya ji, don jakunan masu ruwa sun riga shi.

Iyaka rumfa ce da igiya a gicciye. Askarin ɓangarenmu ya duba tasrihina, takardar izinin wucewa, ya dubi kejin, ya ce na tsuntsun fa? Na ce baƙo ne, gida zai koma. Ya ce ina gidan? Na ce shi na fito nema. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga igiya ya ce, "Allah ya shafi," addu'ar da ake yi wa marar lafiya. A ɗaya ɓangaren kuwa mace ce riƙe da bindiga, kai ba ɗankwali, gashi a tsaye, ƙafa cikin takalmin roba. Ban taɓa tsayawa gaban mace tana bincikena ba, na rasa inda zan sa idona. Da Larabcinta mai kauri ta tambayi abin da ya kawo ni, na gaya mata gaskiya. Ta tsugunna ta sa yatsa a jikin kejin ta ce ita ma tana da ƙane, tun lokacin yaƙi ba a gan shi ba. Ta ce, "Kai ka samu tsuntsu." Sai ta miƙe ta ce in wuce.

Wannan maganar ta bi ni duk tafiyar. A ƙasar nan in ka ce kana neman ɗan'uwanka ba mai mamaki, sai a gyaɗa kai a matsa maka wuri. Kowane gida akwai wanda ake jira.

Tasanai tana da unguwar Hausawa, Takarir ake kiranmu a can. Da na ji ana "sannu da aiki" a bakin rijiya sai da ƙirjina ya yi sanyi. Hajja Zara tsohuwa ce gajera mai faɗa, kakanninta Katsinawa, ita kuwa ba ta taɓa ganin yamma da Kasala ba. Ta ga kejin ta tafa hannu ta ce, "La ila, yana nan da rai? Wata guda ya yi a wurina yana cinye mini gero!" Na buɗe baki zan yi tambaya ta ce, "Istanna, dakata, ɗan nan. Ba a magana da yunwa."

Aka kawo injera, kisrarsu ke nan, wato siririyar wainar ƙullu, faɗinta kamar faifai, tsaminta kamar an manta da ƙullu kwana bakwai, da miya ja wadda ta sa na yi hawaye kafin lokacin hawaye ya zo. Sannan aka hau gahawa. Mu a Gadarif jabana abin sha ne, ka kurɓa ka tashi. A can aiki ne na yini. Sai an shimfiɗa ɗanyar ciyawa, an soya 'ya'yan a gabanka, an kawo maka hayaƙin ka shaƙa ka yaba, an sa turare, an zuba gugguru. Na shanye kofin farko na ce alhamdulillahi na kife shi. Hajja ta dube ni kamar na zagi mahaifinta. Ashe sai an zagaya sau uku, wanda ya tashi kafin na ukun ya tafi da albarkar gidan. Na zauna ina sha, tambayata tana ci mini rai.

Da aka gama ta ce, "Ai saƙon da tsawonsa. Wannan direba kunnen ƙashi gare shi. Cewa aka yi ɗanta yana gaishe ta, ta yafe masa, kuma wannan tsuntsun garinsu ne, ta gani."

Na ce, "Hajja, garinsu ya ce?"

Ta ce, "Haka aka gaya mini. Tsuntsun garinmu."

Haruna da aka yanke wa cibiya a Gadambaliya, yau yana da wani wuri da yake kira garinmu. Na tambayi sunan garin. Ta ce an faɗa, wani suna ne mai nauyi a baki, ya fita daga kanta. Amma Baba Tanko ya sani, mai kawo gishiri daga Musawwa, shi ya ba ta kejin. Ta ce, "Rabon da in gan shi an daɗe, sai ka je can. Matambayi ba ya ɓata." Ta cika mini aljihu da gugguru da gero, na tsuntsu daban nawa daban.

Daga Tasanai hanya ta lalace, motoci ƙonannu a gefe, ana nuna maka inda ba a taka ƙasa don abin da aka binne. A Akordat motarmu ta mutu a bakin wani busasshen kogi, gefensa duk goruba. Ina sauka na ji hayaniyar da na sani, na ɗaga kai, sai ga sheƙuna rataye a bakin kaba, kabarai rawaya suna shiga suna fita. Na ɗauki keji na ruga kamar yaro, ƙaya ta kama jallabiyata ta yaga ta har gwiwa. Na isa gindin bishiyar na duba da kyau. Baƙar fuska, da ɗan ja a goshi, bayansu da zane-zane. Na ɗaga kejin sama ko zai yi musu magana. Ya maƙale a kusurwa ya yi tsit. Wani makiyayin raƙuma da ke wurin ya ce wannan ai nasu ne, yaro ne bai yi gemu ba. Na so in yarda da shi, amma na san ƙaramin kabare ba ya yin kai mai launin lemo. Na koma mota da yagaggiyar riga, mata suna rufe baki.

Ba zan daɗe a kan Asmara ba, don ban ga komai ba sai sanyi. Mutane suna yawo da kwat, suna zama a bakin titi suna shan gahawa a tsaye a zaune, ni kuwa na kwance rawanina na naɗe kejin da shi, na bar kaina a buɗe. Gara ni in yi mura. Daga nan mota ta fara gangara zuwa bahar, tana juyawa hagu da dama a bakin rami, har na mayar da duk injerar da na ci a ƙasar. Matar da ke kusa da ni ta ba ni ɓawon lemo in shaƙa, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ni ina salati, muka sauka tare lafiya.

Zafin Gadarif wasa ne. A Musawwa iska ma jiƙa take, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba, ruwan sha da ɗanɗanon gishiri. Rabin gidajen garin ba rufi. Hankakinsu ba su da farin ƙirji irin namu, baƙaƙe ne masu tokar wuya, ba su da kunya ko kaɗan, sai su sauko su ɗauke kifi daga kwanon mutum yana kallo. Na sauka wurin wani ladani Bahaushe da ya ba ni tabarma a baranda, washegari ya raka ni gidan Baba Tanko.

Matarsa muka tarar, da fararen kayan takaba. Baba Tanko ya rasu, ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba. Na yi ta'aziyya, na zauna, na rasa yadda zan fara, sai ita ta ga kejin. Ta ce ta tuna shi. Wani mutumin jirgin ruwa ne ya kawo wa Malam, suka daɗe suna magana a zaure, Malam yana maimaita saƙon yana ƙirgawa da yatsu don kada ya manta. Na ce sunan garin fa? Ta ce, "Ɗana, ni ina ciki. Maganar maza ce." Mutumin jirgin fa? Ta ce ba ta ga fuskarsa ba.

Na fito na zauna a gindin wani bango. Saƙon da na yi ta tsinta tun daga Shuwak, ga inda ya ƙare, a ƙarƙashin ƙasa. Na zaga bakin tashar jiragen ina nuna kejin, masu dako suna cewa asfur ne, tsuntsu dai. Wani ya ce daga tsibirai ne, wani ya ce daga kudu, wani ya ce daga Yaman, kowa da inda yake nuna mini da haɓa. A nan ne tunanin ya zo mini, kuma da ya zo na ji kamar an sauke mini kaya. Na ce, Idi, kai da aikinka ke nan? Me ya sa kake tambayar mutane, ga mai garin a hannunka?

Bayan gari akwai wata 'yar gonar dabino da goruba kusa da ruwa. Da la'asar sakaliya na je can, na zare farin zare daga bakin rawanina, na ɗaura masa a ƙafa kamar yadda na saba. Zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna. Niyyata in ga inda zai miƙa, kudu ko gabas ko tsibiri, in ya sauka in kira shi da gero, don ya saba cin abinci a hannun Inna. Ban tsaya na tuna cewa zarzur ɗin da nake saki da safe aka kama shi, makwancinsa yana bayan tudu ba. Wannan kuwa ya shekara biyu ko fi a keji, fiffikensa ya manta aikinsa.

Na buɗe hannu. Ya tashi da kyar, ya yi sama kaɗan, ya sauka a kan kabar goruba mafi kusa, zaren yana lilo. Bai dubi kudu ba, bai dubi gabas ba. Ni ya juyo yana kallo. Kabaran wurin masu baƙar fuska suka taso masa da tsawa, ya matsa zuwa bakin kaba inda ba mafaka. Na zuba gero a tafi ina kiransa yadda Inna ke yi. Sai na ga inuwa ta gilma.

Na yi jifa, na yi ihu, na bi hankakan cikin ƙaya har ya saki abin da ya ɗauka. Da na ɗago shi daga yashi da sauran ɗumi a jikinsa, zarena yana ƙafarsa. Na zauna a wurin har aka kira magariba. Ban yi kuka ranar da mahaifinmu ya rasu ba, amma a gindin gorubar nan na yi, ba na ɓoyewa.

Da safe ladanin ya ga halin da nake ciki, ya ce akwai wani tsohon nahoda, wato shugaban jirgin sambuk, da ya dawo daga Yaman jiya, mu je ko don a ce an je. Muka same shi a inuwar jirginsa yana ɗinkin tanti, baƙin tsoho siriri mai jan gemu. Na kwance bakin rawani inda na ƙulle gawar tsuntsun na nuna masa. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya buɗe fiffiken, ya shafa kan. Bai yi wani dogon tunani ba.

Ya ce, "Wannan ba na baharmu ba ne. Na Sawahil ne. Can inda kwakwa take, daga Kismayo har Lamu har Mambasa. Ka ga kan nan? Ka ga ba baƙi a fuska? A bakin ganyen kwakwa da goruba yake rataye gidansa, rani da damina rigarsa ɗaya. Ina yaro mun sha kai gishiri can."

Na ce, "Wane gari ne daga ciki, ya ammi?"

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce, "Duk inda dabino ko kwakwa ta tsaya a bakin ruwa yana nan. Tafiyar wata guda ce a sambuk kana wuce garuruwa, kowanne da shi."

Na tambayi jirgin da zai je. Ya ce ba mai zuwa yanzu, gaɓar ta rikice da bindiga, wanda ya kawo kejin ma ƙila shi ne na ƙarshe. Na tambaye shi yadda ƙasar take. Ya ce ƙasa ce mai sauƙi, ruwan sama sau biyu a shekara, ana shuka sau biyu. Baƙo in yana da ƙarfi sai dattawan gari su yanka masa daji ya share, in ya zauna lafiya su ba shi mata. Ya ce ya san mutane da yawa da suka sauka don su ɗebi ruwa, har yau ba su koma jirgi ba. Sannan ya miƙo mini tsuntsun ya ce, "Da ka kawo shi jiya da ransa ma, abin da zan gaya maka ke nan." Ya faɗa ne don ya sanyaya mini, amma bai sanyaya ba.

Na binne shi a yashi a gindin wani dabino. Na tsaya ina kallon ruwan da kuke tambayata. E, ba ya shawuwa, kuma ba a ganin ƙarshensa.

Komowa ba ta da labari. A Akordat na daɗe ina kallon kabaran nan, zuciyata tana cewa in kama ɗaya in sa a kejin, idon Inna ai ba ya gani sosai. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kunnenta lafiya lau. Na ratsa Tasanai ban leƙa wurin Hajja Zara ba, kunya ta hana ni. A kan iyaka wani namiji na tarar, bai tambaye ni komai ba. A lorin Shuwak ma ba wanda ya yi mini ba'a, mutum da keji ba kowa a ciki ba abin dariya ba ne.

Da hantsi na shiga gida. Hawwa tana daka a tsakar gida, ta ce, "Yaya, sannu da hanya," ta dubi bayana, ta dubi hannuna, ta ci gaba da dakanta. Inna tana kan angarib a inuwa. Na tsugunna na gaishe ta, na ajiye kejin a gabanta. Ta ɗauka, ta jijjiga shi a hankali, ta ji nauyinsa. Ta sa yatsa ta ƙofar ta zagaya ciki.

Na gaya mata komai, ban rage ba, har zaren da na ɗaura. Na jira ta yi mini faɗa, da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Da na zo kan maganar nahoda sai ta ɗago kai.

Ta ce, "Sau biyu ake ruwa?"

Na ce, "Haka ya ce, Inna."

"Kuma ana ba baƙo gona?"

"An ce ana ba shi."

Ta daɗe tana shafa ƙullin bakin kejin da babban yatsanta. Sannan ta ce, "To, ya samu. Ba zai dawo ba." Ta ɗaga murya ta kira Hawwa, taɓarya ta tsaya. Ta ce, "'Yar nan, na riƙe ki da yawa, ki yafe mini. Gobe yayanki zai raka ki."

Washegari muka tafi wurin alƙali, ni a gaba, Hawwa da mahaifinta a baya. Alƙali ya saurari mahaifinta, ya saurare ta, sannan ya juyo gare ni ya ce an gaya masa ni na je nema. Ya ce mijin yana raye? Na ce ina kyautata zato. Ya ɗauki alƙalami ya ce, to, a wane gari yake?

Na ce, "Allah ya gafarta malam, garin ban san shi ba. Tsuntsun garin kawai na sani."